Kira Ne, Ko Gudu Ne?

Ya ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ka taɓa kwanciya da dare bayan an tashi daga taron sujada, barci ya ƙi zuwa, zuciyarka tana ta ce maka, "Ka bar gona, ka shiga aikin Ubangiji ɗungum." Idan haka ne, wannan darasi naka ne. Naki ne kuma, ke 'yar'uwa, da kike jin nauyin mata da yaran unguwarku a rai. Ku ma iyaye, ku matso kusa, gama wata rana ɗanku zai durƙusa a gabanku da wannan magana, sai kun ba shi amsa.

Maganar ba ƙarama ba ce a ƙasar Diffa. Gidan da ya saki saurayi ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ya rasa hannu biyu a lokacin dashen tattasai. Hanya kuma da nisa. Daga Diffa zuwa Damagaram ya fi kilomita 400, zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300. Masu bi a nan kaɗan ne ƙwarai, da yawa cikinsu kuma baƙi ne da aiki ya kawo, gobe a canja musu wuri. Ikilisiya irin wannan ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin mutumin da Allah bai aiko ba. Idan kuwa Allah ya kira mutum ya ƙi, wannan ma hasara ce babba. Saboda haka ya kamata mu zauna mu duba da kyau.

Ruwa Iri Biyu

Kai da kake zaune a bakin Komadugu ka san ruwa iri biyu. Akwai ruwan da hadari ya zubar da yamma. Ya cika kududdufi a bayan gari, yara su yi ta wasa, kwaɗi su yi ta kuka. Bayan 'yan kwanaki sai ka tarar da busasshen laka. Ba mai hankalin da zai kafa lambu a bakin wannan ruwa.

Akwai kuma ruwan kogi. Shi ba ruwan saman Diffa ba ne. Daga nesa yake fitowa, daga ƙasar Kano da duwatsun Jos, ta kogin Haɗeja da kogin Jama'are. Su haɗu kusa da Gashuwa, ruwan ya biyo iyakar Nijar da Nijeriya, ya wuce Diffa da Geskeru, ya faɗa tafkin Chadi wajen Bosso. Ba ya gaggawa. Yakan iso mana da damina, amma ba ya cika makil sai damina ta wuce, sama ta bushe, sanyi ya kama. A lokacin da kududdufi ya daɗe da ƙafewa, a lokacin ne kogi yake da ƙarfi. Shi ne ruwan da manomi yake dogara da shi.

Haka abin yake a zuciyar mutum. Wa'azi mai zafi, da waƙa mai daɗi, da taron jama'a, suna iya cika zuciya a dare ɗaya. Wannan ba laifi ba ne. Amma ba a gina rayuwa a kansa. Kiran Allah tushensa ba a cikinka yake ba, saboda haka ba ya ƙafewa sa'ad da murnar taro ta wuce. Ka tambayi kanka, wannan nauyi da nake ji, tun yaushe yake? Ya kwana nawa? Ya tsallake rani? Ranar da na yi faɗa da wani a ikilisiya, ya tafi ko yana nan? Ranar da na sayar da tattasai da tsada, aljihuna ya yi nauyi, na tuna da shi kuwa?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi ciwo, kuma ita ce zuciyar darasinmu.

Abin Da Ya Same Mu

Ba sai an ba ka labari ba. A ƙarshen 2014 mutanen Damasak suka ƙetaro kogi da gudu. Ran 6 ga Fabrairu 2015 'yan Boko Haram suka kawo hari Bosso da Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka taƙaita taki da man da injin ban ruwa yake sha. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafki, suka tako da ƙafa cikin zafin bazara zuwa Gigimi da Bosso. A watan Yuni 2016 aka sāke faɗa wa Bosso, dubban mutane suka watse. A wannan shekara waɗanda suka rabu da gidajensu a jihar Diffa sun fi mutum 200,000. Bukkoki suka jeru a gefen babbar hanyar kwalta, a Asaga, da Garin Wanzam, da Kinjandi. Sai a 2017 aka sāke buɗe cinikin tattasai. Kafin mutane su miƙe sosai, ambaliyar 2019 da ta 2022 suka cinye gonaki da gidaje a bakin kogi.

Me ya sa na tuna maka da waɗannan? Domin samari da yawa sun tashi a cikin waɗannan shekaru ba gona, ba jari, ba abin yi. Wanda ubansa yake cika buhuna da jan tattasai ya koma jiran layin rabon abinci. A irin wannan hali, saurayi yakan duba ko'ina yana neman ƙofa. Wani ya nufi Libiya, wani ya nufi wurin haƙar zinariya a Jado, wani ya nemi aiki wurin ƙungiyoyin agaji. Ɗan mai bi kuwa yana da wata ƙofa da sauran ba su da ita. Yana iya cewa, "Allah ya kira ni." Ba wanda zai yi masa gardama. Za a yi masa addu'a, a tara masa kuɗin mota.

Ba ina cewa ƙarya yake yi ba. Sau da yawa shi kansa bai sani ba. Gajiya da talauci suna iya yin magana da murya mai kama da ta Ruhu. Kuma Allah yana iya rufe ƙofar gona domin ya buɗe wata, wannan gaskiya ne. Amma sai a gwada.

Ka buɗe Littafin Mahukunta, sura 17 da 18, ka karanta wa iyalinka da dare. Labarin wani saurayi Balawe ne, mutumin Baitalami. Ya bar gida yana yawon neman inda zai zauna. Ya isa gidan wani mutum mai suna Mika a ƙasar tudu ta Ifraimu. Mika ya yi masa tayi: azurfa goma a shekara, da tufafi, da abinci, shi kuwa ya zama firist na gidan. Saurayin ya karɓa da murna, ko da yake gumaka ne a ɗakin. Bayan an jima mutanen kabilar Dan suka biyo ta wurin, suka nuna masa cewa zama firist na kabila guda ya fi zama firist na gida ɗaya. Nan da nan ransa ya yi fari. Ya kwashi kayan maigidansa ya bi su. Ka lura, daga farko har ƙarshe ba inda aka ce Allah ya aike shi. Ciki ne ya kai shi gidan Mika, girma kuma ya fitar da shi. Yana da asali mai kyau, yana da rigar aiki, amma ɗan ƙodago ne. Irin wannan ma'aikaci, ranar da wuta ta tashi a gari, shi ne na fari a tashar mota.

A Ina Kiran Yake Samun Mutum?

Abin lura ne cewa mutanen da Allah ya kira cikin Littafi Mai Tsarki, galibi ya same su a bakin aiki. Musa yana kiwon tumakin surukinsa. Amos makiyayi ne a Tekowa, yana kuma kula da itatuwan ɓaure. Bitrus da Andarawas suna jefa taru, Yakubu da Yahaya suna gyaran nasu a cikin jirgi tare da mahaifinsu. Matiyu yana zaune a wurin karɓar haraji.

Amma labarin da ya fi dacewa da manomi shi ne na Elisha, a 1 Sarakuna 19:19-21. Iliya ya same shi yana huɗa, shanu bibbiyu har goma sha biyu suna gaba, shi yana riƙe da na ƙarshe. Wannan ba gonar matalauci ba ce. Elisha ba shi da abin da yake gudu. Da mayafin annabi ya sauka a kansa, ya roƙi izini ya je ya yi sallama da uwa da uba. Sa'an nan ya yanka shanun da yake aiki da su, ya hura wuta da itacen garma, ya dafa nama, ya ciyar da jama'a. Daga nan ya bi Iliya. Wane matsayi aka ba shi? Ka duba 2 Sarakuna 3:11. Bayan shekaru, abin da aka tuna da shi ke nan, shi ne wanda yake zuba wa Iliya ruwan wanke hannu. Mai gona ya zama ɗan riƙon buta.

To, kai fa? Kada ka fara da tambayar abin da za ka yi bayan makaranta. Ka fara da abin da hannunka yake yi yau. Wa yake share ɗakin sujada ranar Asabar? Wa yake koya wa yara a makarantar Lahadi sa'ad da malaminsu ya yi tafiya? Tsohuwar nan da ba ta gani sosai, wa yake karanta mata Maganar Allah? Maƙwabcinka da ya gudo daga bakin tafki, wanda matarsa take kwance, ka san sunan 'ya'yansa? Idan ba ka yin waɗannan yanzu da ba a biyanka, takardar makaranta ba za ta sa ka yi su ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Haka kuma a gona. Mutumin da yake barin fangalinsa ya bushe domin ya makara da barci, wanda yake cusa ruɓaɓɓen tattasai a tsakiyar buhu ya rufe da mai kyau, wanda ya ci bashin taki ya ɓuya wa mai shi, wannan bai shirya riƙe garken Allah ba. Ba a canja hali a cikin mota tsakanin Diffa da Maraɗi.

Kunnen Waɗansu

Sa'ad da Ubangiji ya kira yaron nan Sama'ila da dare, har sau uku yana tashi yana zuwa wurin Eli, yana tsammani tsohon ne. Eli ne ya gane, ya koya masa yadda zai amsa. Eli kuwa ba cikakken mutum ba ne, gidansa a lalace yake. Duk da haka Allah ya yi amfani da kunnen tsoho domin ya taimaki yaro. Kada ka ce dattawan ikilisiyarku ba su yi karatu ba, ba za su gane ba. Sun ga mutane da yawa sun zo sun wuce.

A Antakiya ma haka aka yi. Ka karanta Ayyukan Manzanni 13:1-3. Barnaba da Shawulu sun riga sun yi shekara guda cur suna koyarwa a wannan ikilisiya. Ruhu Mai Tsarki ya yi magana sa'ad da ake sujada da azumi tare, 'yan'uwa suka ɗora musu hannu suka sallame su. Shawulu ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu shekaru da yawa kafin wannan rana, amma bai aiki kansa ba. Timoti kuma, kafin Bulus ya ɗauke shi, sai da 'yan'uwa na garuruwa biyu, Listira da Ikoniya, suka shaide shi.

Saboda haka ka je wurin fastonka da dattawa. Kada ka je musu da magana a ƙulle, kana cewa, "Allah ya faɗa mini, sai ku sa hannu." Wanda ya faɗi haka ya rufe bakin kowa. Ka ce, "Baba, ga abin da nake ji, ku duba ni." Ka roƙe su su faɗa maka gaskiya a kan abubuwan da aka jera a 1 Timoti sura 3. Za ka yi mamaki, kusan duka jerin nan hali ne: kamewa, karɓar baƙi, rashin faɗa, rashin son kuɗi, iya riƙon gida. Baiwa ɗaya tak aka ambata, wato iya koyarwa. An kuma ce kada ya zama sabon tuba.

Akwai sharaɗi ɗaya a ƙarshen jerin da ya kamata mu da muke Diffa mu riƙe da hannu biyu. An ce sai waɗanda ba na ikilisiya ba su ma sun shaide shi. A nan, waɗannan su ne kusan dukan garin. Su ne Barebarin da kuke haɗa kuɗin mai ku tayar da inji ɗaya, da Bafulatanin da shanunsa suke bi ta gefen gonarka, da dillalin kasuwar tattasai, da mai unguwa. Ba su yarda da bangaskiyarka ba, amma sun san ko kai mai amana ne. Idan Malam maƙwabcinka zai iya barin maka mabuɗin rumbunsa ya yi tafiya, wannan shaida ce mai nauyi, ta fi wasiƙa mai hatimi.

In kana da aure, matarka ita ce ta fari da za ka tambaya, ba ta ƙarshe ba. Ita za ta dafa tuwo ranar da baiko bai kai kuɗin tiya biyu ba. Ita za ta kwana da yara sa'ad da ka tafi ƙauye, ana jin ƙarar bindiga daga hayin kogi. Na sha ganin mutum ya tsaya a gaban jama'a yana ba da shaidar kiransa, matarsa tana zaune a baya, a ranar take jin labarin. Wannan ba ruhaniya ba ce, rashin kirki ne. Idan Allah ya kira ka, ya iya yi mata magana ita ma. Ka ba shi lokaci.

Ba Mimbari Kaɗai Ba

Da yawa suna tsammani aikin Ubangiji shi ne tsayawa a gaba da littafi a hannu. Ka duba Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima domin ana tsallake waɗansu gwauraye mata wajen rabon abinci, su kuwa masu wani harshe ne dabam. Kai da ka taɓa tsayawa a layin rabo ka san yadda wannan yake ci wa mutum rai. Manzanni ba su ce ƙaramin abu ba ne. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai, masu kyakkyawan suna, cike da Ruhu da hikima, aka ɗora musu hannu domin aikin awon hatsi. A cikinsu Istifanas ya fito, da Filibus mai bishara. A Yafa kuma akwai Dokas, wadda allura da zare ne kayan aikinta. Da ta mutu, gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka.

A ƙasarmu ma an ga wannan. Mishan na SIM sun zauna a Damagaram tun 1924. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi. Mutane nawa ne suka fara ganin ƙaunar Almasihu ta hannun mai wanke gyambo, tun ba su ji wa'azi ba? Akwai kuma Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda ya zo ƙasar Maraɗi a farkon shekarun 1980 da aikin dashen itatuwa. Yawancin abin da ya dasa ya mutu, har ya kusa fid da zuciya. A 1983 ya lura cewa kututturen da manoma suke sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana ƙasa. Ya fara koya wa mutane su bar 'yan rassa masu ƙarfi, su datse sauran. Da fari aka yi masa dariya. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, har gonaki masu yawan gaske a kudancin Nijar suka sāke yin itatuwa. Shi ma kira ne ya kawo shi, wuƙar sassabe ce kuma kayan aikinsa.

Wataƙila abin da kwarin Komadugu yake bukata daga gare ka shi ne ka zama malamin asibiti mai tsoron Allah, ko ungozoma, ko mai koya wa manya karatu, ko mai gyaran injin ban ruwa wanda ba ya cuta. Yaran da suka girma a bukkokin gefen hanya, waɗansu ba su taɓa zama a aji ba. Akwai mata da aka kashe mazajensu a gabansu, ba su da wanda zai saurare su. Akwai kuma waɗanda suka fito daga daji suka ajiye makamai, aka kai su Gudumariya, suka koma cikin jama'ar da take tsoronsu. Wa zai zauna da waɗannan?

Amma ga gargaɗi biyu. Na ɗaya, taimako ba ƙugiya ba ne. Kada ka miƙa wa mayunwaci hatsi da hannun dama kana riƙe da sharaɗi a hagu. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo, bai kuwa karɓe lafiyar taran ba. Ka yi alheri domin shi alheri ne, in an tambaye ka dalili ka faɗa da tawali'u, ba tare da ɓoyewa ba. Na biyu, harshe. Hausa za ta kai ka kasuwa, amma tsohuwar Manga ko ta Mobar, da Barbarci take kuka. Makiyayi da Fulatanci yake mafarki. Idan ka ce an kira ka zuwa ga mutanen nan, amma shekara da shekaru ba ka koyi ko gaisuwarsu ba, sai ka sāke tunani. Mai ƙaunar mutane yakan so jin maganarsu.

Ka Zauna Ka Yi Lissafi

Ubangiji da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28-30). Ba rashin bangaskiya ba ne.

A Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashenmu na Sudan: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. A cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta fari a Fategi. Daga saukarsu zuwa isowar aikin Damagaram, shekara talatin ke nan. Biyu daga cikinsu ba su ga ko mai bi ɗaya ba. Wanda yake auna kira da yawan jama'a zai ce sun yi kuskure.

Kai ma ka sa wannan a lissafi. Za ka iya yin shekara goma a wani gari a bakin kogi, masu sujada ba su cika tabarma biyu ba. Albashi kuwa, ikilisiyar mutum ashirin ba za ta iya ciyar da gidanka ba. Gaskiya ne ma'aikaci ya cancanci ladansa, wajibi ne kuma masu bi su ba da abin da suke iyawa, ko kuɗi, ko hatsi, ko yinin gayya a gonar fasto. Amma Bulus da ya koyar da haka, shi ne ya zauna a Koranti yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da matarsa. Saboda haka kada ka sayar da fartanyarka. Kafin ka tafi makaranta, ka riƙe sana'a ɗaya da kyau. Ba da dukan rai ga aikin Ubangiji ba ya nufin hannu ya yi laushi. Mai bisharar da yake da fangalinsa a cikin na jama'a, yana kukan tsutsa da tsadar mai tare da su, ya fi samun kunne bisa ga wanda yake jiran saƙo daga Yamai.

Batun hatsari kuma, kada wani ya ruɗe ka da jaruntakar baki. Mun ga yadda aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu 2015. Mun san hanyoyin da ba a bi bayan la'asar. Bulus ya yarda aka zurara shi cikin kwando ta bayan garu ya tsira, wata rana kuma ya nufi Urushalima yana sane da sarƙa tana jiransa. Kaucewa ba zunubi ba ne, tsayawa ma ba wauta ba ce. Abin da ake nema shi ne kada makiyayi ya yanke shawara shi kaɗai, domin kansa kaɗai, tumaki su farka su ga ba ya nan.

Ku iyaye, an ce wanda bai kula da danginsa ba ya fi marar bi muni (1 Timoti 5:8). Kuna da iko ku tambayi ɗanku wa zai riƙe gona, wa zai biya bashin bana. Shi ma wajibi ne ya amsa, kada ya ɓuya a bayan addu'a. Amma kada ku mai da wannan aya igiya. Zabadi ya zauna a jirgi da 'yan ƙodago, ya bar 'ya'yansa biyu suka tafi. Idan ikilisiya ta shaida, hali ya shaida, shekaru sun shaida, ku sa albarka. Ikilisiyar da ta ce za ta aiki yaron, ita ma ta tuna da tsohon da aka bari da injin ban ruwa.

Wataƙila kuma amsar da za ka samu ita ce ka zauna. Mutumin nan da aka fitar wa aljannu a ƙasar Garasinawa ya roƙi Yesu ya bar shi ya shiga jirgi. Yesu ya hana, ya mai da shi gida wurin mutanensa (Markus 5:18-20). Ba a raina shi ba, an ba shi garuruwa goma ne. Idan kuwa ka taɓa fita ka komo da kunya, ka tuna da Yahaya Markus. Ya juya a tsakiyar tafiya, har Bulus ya ƙi sāke ɗaukarsa. A ƙarshen ransa, daga kurkuku, Bulus ɗin nan ne ya aika a kawo masa shi domin yana da amfani.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi. Ka ba maganar nan shekarar noma guda, daga zuba iri har buhu na ƙarshe ya bar wurin shanya. Kada ka yi shela. Ka gaya wa matarka ko iyayenka, da fasto, da dattijo ɗaya, su riƙa yin addu'a. Ka roƙi a ba ka aiki ɗaya wanda ba mai so, ka riƙe shi har shekara ta zagayo. Ka zaɓi gida ɗaya na waɗanda suka rasa matsuguni, ka riƙa zuwa kowane mako, kana koyon harshensu a bakinsu. Ka karanta wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus, sura ɗaya a mako, in sun ƙare ka sāke. Ka biya bashin da ake binka. Sa'ad da kogi ya janye, aka sayar da amfani, kuɗi suna hannunka, sai ka koma wurin dattijon nan da la'asar, ku shimfiɗa tabarma, ka tambaye shi abin da ya gani.